Ranar da Maza Suka Shiga Rumbu

Sada ya riga ya zura ƙafa ɗaya cikin rumbu, ɗayar tana lilo a waje, lokacin da uwarsa ta shigo gida da tulu a ka.

Inna Sabuwa ta sauke tulun kusa da randa, ta cire gammo, ta murza wuyanta da hannu biyu. Tun da asuba ta fita, ga shi hantsi ya ɗaga. Bana ruwan sama ya ɗauke da wuri, rafi kuwa bai jira kowa ba. Sai mace ta durƙusa ta tona yashi har gwiwar hannu, ta zauna tana jiran ruwa ya tsattsafo, ta riƙa kwasa da ludayi, launinsa kamar kunun kanwa. Wannan shi Unguwar Maɗaci take sha, da mutum da jaki.

"Sada."

"Na'am, Inna."

"Kai dawa ne?"

"Inna, umarnin mai unguwa ne."

"Tambayarka na yi. Dawa ce kai, ko maiwa? In dawa ce, in sa Kulu ta kawo taɓarya ta sussuka ka, mu samu abin tuwo."

Kulu, matar Sada, tana tsaye riƙe da murfin rumbun, ciki wata takwas ya turo zane. Ta kai gefen mayafi baki tana danne dariya.

"Malamin ƙidaya yana tafe," in ji Sada, yana jan ɗayar ƙafar. "Mai unguwa ya ce duk namiji mai ƙarfi ya ɓace. Ko rumbu, ko gonar dawa. A bar tsofaffi da mata, yara ma a rage su."

"A rage su. Kamar gishiri a miya."

"Haraji ne fa, Inna. Duk kan da aka rubuta sai ya biya."

Ya faɗa ciki, ƙura ta tashi, ya yi atishawa sau uku. Kulu ta kifa murfi. Namiji mai gemu, mai 'ya'ya huɗu, zaune cikin rumbu shi da ɓeraye. Don Allah ku ji wannan abin kunya.

Shekarar da aka sake ƙidaya ce, da kaka, auduga ta fashe fari fat tun daga bayan gari har inda ido ya tsaya. Sa'ad da aka kawo Sabuwa aure Unguwar Maɗaci, gidaje tara ne. Tana iya lissafa su har da karnukansu. Amma ƙasar laka ce baƙa, auduga tana sonta, ruwan sama kuma ya fi na arewa sauka ko da ya yi rowa. Mutum zai zo cin rani daga wajen Daura ko ƙasar Faransa ta ƙetaren iyaka, ya tsinci auduga kaka ɗaya, ya damƙi ƙasar a hannu ya shinshina, baɗi sai ga shi da mata da awaki da tsohuwar uwarsa a kan jaki. Yanzu gidaje sun wuce sittin. Kowace shekara motoci suna kwasar auduga daga fulotin da ake awonta zuwa injin gurza a Funtua, har hanya ta yi rami. Mutane sun ƙaru, gonaki sun ƙaru, masu keke sun ƙaru. Rafin nan dai shi ne wanda gidaje tara suke sha.

Da damina kuwa sai kududdufi. Bana kurkunu ya kwantar da maza goma sha ɗaya daidai lokacin noman farko, ƙafafu a kumbure, suna ji suna gani ciyawa ta shanye musu auduga.

Shi ya sa maganar da Sabuwa ta jiyo a kasuwar Malumfashi ta hana ta sukuni. Morenike, Bayarabiya mai sayar da kwanukan sha, ƙawarta ce ta shekara talatin, kuma ɗanta Lamidi ne malamin da za a turo. Ta ja ta gefe ta ce mata: En'e, hukumar sarki, za ta haƙa rijiyoyin siminti, amma sai unguwar da mutanenta suka kai ɗari uku a takarda. Wadda ba ta kai ba, ta ci gaba da tonon yashi. Unguwar Maitama da ke ƙetaren rafi sun ji labarin tuni. An ce har baƙin da suka zo suna suka tsare, suka hana su tafiya sai an rubuta su.

To me ya hana ta zuwa ta gaya wa mai unguwa? Ai nan gizo... a'a, bari in faɗa muku a miƙe. Mai unguwa Shitu ɗanta ne na fari.

Shekara arba'in da shida ke nan ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ranar da aka yaye shi gwaggonsa ta ɗauke shi, ita ta raine shi, ita ta yi masa aure. In Sabuwa ta hango shi a hanya sai ta ratse. In dole ta ambace shi, sai ta ce "wancan", ko "ɗan mutane". Akwai wani Shitu mai gyaran keke a garin, shi ma bai tsira ba, "Mai-sunan-wancan" take ce masa. Kunyar ɗan fari kowace mace tana yi, amma tata har misali ake bayarwa da ita. In tana da saƙo gare shi, sai ta tsaya inda zai ji, ta yi magana da abin da ke kusa. Shekaranjiya ta tsaya bayan dangarsa ta ce wa akuya, "Ke akuya, in kin ga wani mai rawani, ki gaya masa ƙidayar nan ta rijiya ce." Shi kuwa ya ce wa matarsa, da ƙarfi, "Tsofaffi su daina ɗauko zancen kasuwa suna kawowa gari."

Zancen kasuwa! Ita da ta yanke cibiyar rabin garin.

Rana ta kusa tsaka sa'ad da Malam Lamidi ya iso a kan keke, da wandon kaki da jakar fata a rataye. Magidanci ne mai gashin baki, haifaffen Malumfashi, Hausarsa ta fi ta Sada fita. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar maɗacin da ke dandali. Mai unguwa ya fito da babbar riga, rawani ya sha naɗi, tsofaffi biyar a bayansa, ɗaya makaho.

"Ranka ya daɗe, garin naku shiru," in ji Lamidi bayan an gaisa.

"Ƙaramin wuri ne, Malam. Mu 'yan kaɗan ne."

Suka zaga gida-gida. Kowane zaure sai tsoho, kowane tsakar gida sai mata da goyo. Inna Sabuwa tana biye daga nesa, tana jin ƙarya tana zuba. Wannan mijinta ya tafi Zariya. Wannan nata ya rasu, Allah ya ji ƙansa, alhali ga takalmansa a ƙofar ɗaki, ga tuwonsa an rufe da faifai. A gidan Bature mahauci rumbu ya yi tari. Matar ta ce kaza ce.

Da suka dawo inuwa Lamidi ya haɗa lissafinsa. "Ɗari da arba'in da biyu."

"Haka muke," in ji mai unguwa.

Lamidi ya ɗaga kai ya dubi gonakin auduga, ya daɗe yana dubawa. "Ranka ya daɗe, duk wannan farin, tsofaffin nan biyar ne suka noma?"

"Gayya muke kira."

"To. Ni dai in faɗa maka abin da na sani, kada gobe a ce ban faɗa ba. Da wannan takardar za a raba rijiyoyi. Ƙasa da ɗari uku babu."

"Malam," in ji Shitu yana murmushi, "zamanin mahaifina cewa aka yi za a raba magani."

Lamidi ya buɗe gwangwanin tawada. Takarda ba ta zama takarda sai mai unguwa ya dangwala mata hannu, shaidar ya yarda da abin da ke ciki. Shitu ya tsoma babban yatsansa, ya ɗaga.

"Ɗan Morenike!"

Duk aka waiwaya. Inna Sabuwa ce, rungume da wata 'yar tukunya baƙa, da ƙoƙo a kife a bakin tukunyar. Ba ta dubi wajen mai unguwa ba ko da wutsiyar ido. Ta zo ta tsaya gaban malamin.

Lamidi ya rusuna. "Inna, ina wuni? Mama tana gaishe ki."

"Ina amsawa. Kai da na sani a goye kana tsotsar bakin zanen uwarka, yau kai ne za ka rubuta ƙarya da alƙalamin gwamnati? Matsa tabarmar."

Ta juye tukunyar. Ƙwallayen tsamiya suka zubo, baƙaƙe, suna sheƙi don tsufa.

Kowa a garin ya san tukunyar nan, ba wanda ya taɓa ganin cikinta. Tun da Sabuwa ta fara aikin ungozoma, duk jaririn da ta yanke wa cibiya sai ta jefa ƙwallo ɗaya. In ya mutu ta cire. Ba karatu ta yi ba, ba wanda ya koya mata. Ita dai ta ce hannunta ba zai karɓi rai ya manta da shi ba.

"Waɗannan duka suna numfashi, kuma a garin nan suke kwana. Ban da waɗanda suka zo da haƙoransu daga arewa. Ƙirga."

Lamidi ya sa yatsa yana turawa goma-goma. "Ɗari biyu da sha tara." Ya sosa ƙeya. "Inna, na yarda da ke fiye da takardar nan. Amma doka ta ce sai wanda idona ya gani. Ba zan rubuta tsamiya ba."

"Sai ka gani?"

"Sai na gani."

"To buɗe idon."

Akwai wani tsohon turmi a gefen dandali. Ta kifa shi, ta dafa kafaɗar makahon nan ta hau. Muryar Inna Sabuwa kuwa, in ta kira mai jego daga wannan bakin gari, ta wancan bakin ma amsawa take yi.

"Mazan Unguwar Maɗaci! Na cikin rumbu da na cikin dawa, ku kasa kunne! Shekara talatin da biyar ina durƙusa wa matanku. Mace a kan gwiwa ba ta ɓoye komai. Duk abin da suka faɗa a kanku yana cikina, ban taɓa fitarwa ba. Yau zan fara. Gida-gida zan bi, daga gabas. Wanda ya fito kafin in zo kansa, na rufa masa asiri."

Ba wanda ya fito. Ko kaza ba ta yi motsi ba.

"Bature mahauci! Ranar da matarka Shafa'atu take naƙudar 'yan biyu, ta ce da ni, Inna, mutumin nan da kike gani da wuƙa a kasuwa, in dare ya yi ba ya iya fita bayan gida sai na..."

Murfin rumbu ya yi sama. Bature ya diro, kansa duk ƙaiƙayi, yana gudu yana ɗaure wando. "Ga ni, Inna! Ga ni! Malam, rubuta, Bature, mata ɗaya, 'ya'ya shida!"

Mata suka fashe da dariya daga bayan danga. Wata ta rangaɗa guɗa.

"Sanda na gidan kuka! Kai ba sai matarka ba, ni na san shekarun da ka kai kafin uwarka ta daina shanya tabarmarka da safe. In faɗa?"

Karan dawa suka fara rawa a bayan gari. Sanda ya fito, bayansa mutum huɗu waɗanda ba a ma kira ba.

Daga nan abin ya fi ƙarfin maza, don matan ne suka karɓe. Su ne fa masu tonon yashin. Kulu ce ta fara: ta ɗaga murfin rumbu ta jefar, ta ce, "Fito, malam, ni ba zan haihu a bakin rafi ba." Wata ta janye tsani ta ce wa nata in bai yi alkawarin zuwa dandali ba, a ciki zai kwana. Aka zaƙulo wani dattijo daga cikin tarin auduga, ya fito fari fat, ana ta salati ana dariya. Yaran da aka kora gona suka dawo a guje. 'Yan arewa suka fito daga kwazazzabo da iyalansu. Kafin azahar dandali ya cika har babu wurin sa ƙafa, Lamidi yana rubutu, gumi yana ɗiga a takarda.

"Ɗari uku da sittin da bakwai," ya ce.

Aka ɗauki guɗa. Amma da Lamidi ya juya neman mai unguwa, wurinsa wayam. Tun fitowar Bature ya tattara rigarsa ya shige zaure.

"Inna," in ji Lamidi a hankali, "in bai dangwala wa wannan ba, ta farkon zan kai. Ita ce ya amsa da bakinsa a gaban shaidu."

Liman ya shiga, ya fito yana girgiza kai. Tsofaffi suka shiga, suka fito. Sada ya shiga, bai daɗe ba ya fito da sauri, takalmi ya biyo shi. Inuwa ta fara juyawa. Lamidi ya dubi rana, ya dubi kekensa. Yana da unguwa biyu a gaba kafin ya kai Kafur, inda ofis yake.

Inna Sabuwa ta ɗauki ƙoƙon da ke bakin tukunya, ta kwance wani ƙulli daga haɓar zanenta, ta dubi Lamidi. "Biyo ni da takardarka."

Zauren na mijinta ne, marigayi. Tun ranar da aka naɗa wa Shitu rawani, shekara shida, ba ta taka shi ba. Ta same shi zaune a kan buzu, ya juya wa ƙofa baya, babban yatsansa har yanzu baƙi, tawadar ta bushe. Ta tsaya daga gefe, ta fuskanci butar alwala.

"Ke buta, ki gaya wa mai zauren nan mutane suna jira a rana."

Shitu bai juyo ba. Sai ya yi wa Lamidi magana. "Malam, kai ɗan birni ne, bari in gaya maka. Ina ɗan shekara goma aka yi fara. Ba a girbe ko dami ɗaya a garin nan ba. Na ga mahaifina a ƙofar hakimi, an cire masa rawani, an zaunar da shi a rana tun hantsi har la'asar, don kawunan da ke takarda ba su kawo abin da aka yanka musu ba. Takarda ba ta san fara ba, ba ta san fari ba. Ruwa ya ɗauke ko bai ɗauke ba, adadin da ka rubuta yana nan. Bana ya ɗauke da wuri. Baɗi wa ya sani? Ɗari uku da sittin da bakwai! Ranar da sama ta hana, wa za a zaunar a rana? Kai? Ko masu guɗa?"

"Ranka ya daɗe," in ji Lamidi, "ba zan iya rantse maka cewa ba za a duba ta wajen haraji ba. Ban sani ba. Maganar rijiya ita na sani."

"To ka ji."

Sabuwa ta san ranar da yake faɗa. Ita ta jiƙa tsumma ta shafa wa mijinta a wuya da ya dawo, fatar ta sale. Ba ƙarya ɗan mutane ya yi ba, shi ya sa abin ya ƙara ƙona mata rai. Ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta zazzage ƙullin cikin ƙoƙo, ta tura shi a ƙasa har ya taɓa bakin buzun.

"Ke buta, ki ce masa waɗannan su ne na cire daga tukunya tun da ya sa rawani. Sittin da ɗaya. Ba tsoho ko ɗaya, duka ba su kai shekara biyu da yaye ba. Ki ce masa bazara ce take kwashe su, lokacin da ramin yashi ya koma kore. Zawo kwana uku, shi ke nan. Ni nake karɓarsu, ni nake wanke su, ni nake naɗe su a ƙyalle. Ki tambaye shi, su kuma, wa ya zaunar da su a inuwa?"



Ta sa yatsa cikin ƙoƙon ta ware uku. "Wannan Asma'u ce, mai wushirya. Wannan Ɗan-Juma. Wannan ko suna ba a kai ga raɗa masa ba. 'Ya'yan mai zauren nan ne, daga ɗakin matarsa na fito da su ta ƙofar baya."

Kafaɗar Shitu ta motsa, amma bai juyo ba. Bakin ƙofa ya cika da kawuna. Lamidi ya fara naɗe takardar a hankali.

Inna Sabuwa ta dubi butar. Buta dai buta ce. Ta ɗauke ido daga kanta, ta sauke shi a kan ƙeyar mutumin nan, inda furfura ta fara fitowa ƙarƙashin rawani. Ba ta ma san ya yi furfura ba.

"Shitu."

Wata mata a bakin ƙofa ta ce, "La'ilaha illallahu!" ta toshe baki.

"Shitu, da cikinka na yi tonon yashin nan. Ranar da zan haife ka, a bakin rafi faya ta fashe, tulu yana kaina. Shekara arba'in da shida ban roƙe ka ko allura ba. In ranar zama a rana ta zo, ka aiko, ni zan zauna a gefenka, in ga wanda zai hana. Juyo ka sa hannu."

Ya juyo. Bai dubi fuskarta ba, ita ma ba ta dubi tasa ba. Ƙoƙon ya duba, ya daɗe. Sannan ya miƙa yatsa wajen takardar.

"Ta bushe, ranka ya daɗe," in ji Lamidi. Ya buɗe gwangwani. Shitu ya sake tsomawa, ya danna a ƙasan ɗari uku da sittin da bakwai, ya danna da ƙarfi har takardar ta lotsa.

Kafin Lamidi ya rufe jaka, Inna Sabuwa ta kwashe tsamiyarta, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ratsa mutane kamar wadda aka kama da sata. Kuma ku ji halin mutanen Unguwar Maɗaci: an samu hannu a takardar rijiya, amma ba wanda yake zancen rijiya. Daga wannan danga zuwa waccan, magana ɗaya ce. Ta faɗi sunansa. Sau biyu. Wallahi da kunnena na ji, in ji waɗanda suke can cikin dawa lokacin.

Lamidi ya biyo ta gidan Sada yana jan keke, don akwai layin da bai cike ba.

"Inna, saura tambaya ɗaya a kanki. 'Ya'ya nawa kika haifa?"

"Huɗu."

"Biyar dai, Inna," in ji Sada, yana cire ƙaiƙayi daga gemu.

"Kai, hatsi ba ya sa baki a maganar mutane. Huɗu na ce. Wancan ɗan mutane ne, ka rubuta shi a gidansu."

Lamidi ya rubuta abin da ya rubuta, ya soke alƙalami a aljihu, ya ɗaure jakar a bayan keke da igiya biyu. "Gobe da hantsi tana ofis, in sha Allahu."

"Ka riƙe ta da kyau. In iska ta ɗauke ta, uwarka zan je in kama."

Da la'asar ruwan randa ya yi ƙasa, don duk wanda ya fito daga rumbu da ƙishirwa ya fito. Takarda ta tafi, amma takarda ba a sha. Inna Sabuwa ta naɗa gammo, ta ɗauki tulu da ludayi, ta fita.

A bakin hanya ta tarar da jakin mai unguwa, an ɗora masa mangala da tuluna biyu. Mai jakin yana tsaye bayan danga, rawaninsa kaɗai ake gani. Ya yi gyaran murya.

"Kai jaki, ka gaya wa tsohuwar nan ta ajiye tulun. Daga yau kai za ka riƙa ɗebo mata."

Inna Sabuwa ta tsaya. Ta dubi jakin tun daga kunne har kofato. Wata kaza tana tono a gefen hanya, sai ta juya wajenta.

"Ke kaza, ki ce wa wancan rijiya na ce. Ban ce jaki ba."

Ta gyara tulun a ka, ta miƙe hanyar rafi. Jakin ya bi bayanta.